Taswirar Ushahidi da Rikicin Zaɓen Kenya na 2007: Yadda Masu Karatu Suka Zama Masu Kawo Labari

A ranar 30 ga Disamba, 2007, shugaban hukumar zaɓen Kenya, Samuel Kivuitu, ya bayyana Mwai Kibaki a matsayin wanda ya lashe zaɓen shugaban ƙasa da aka gudanar kwana uku kafin nan, da ratar ƙuri'a kimanin 230,000 tsakaninsa da Raila Odinga na jam'iyyar ODM. Sakamakon farko da gidajen talabijin suka yi ta nunawa ya sa Odinga a gaba da tazara mai faɗi, jam'iyyarsa kuma ta kwashe kujeru 99 a majalisar dokoki yayin da PNU ta Kibaki ta tsira da 43, saboda haka magoya bayan adawa suka ɗauki sanarwar a matsayin fashi da rana tsaka. Cikin kusan sa'a guda aka rantsar da Kibaki a fadar gwamnati da ke Nairobi, kuma a wannan yammacin ne ministan tsaron cikin gida, John Michuki, ya ba da umarnin dakatar da duk wani shiri na kai tsaye a rediyo da talabijin. Ba a ɗage haramcin ba sai a farkon watan Fabrairu. Shi kansa Kivuitu ya fito bayan 'yan kwanaki ya ce bai san ko Kibaki ne ya ci zaɓen ba.

Abin da ya biyo baya shi ne tarzoma mafi muni da ƙasar ta gani tun samun 'yancin kanta. A yankin Rift Valley an far wa 'yan ƙabilar Kikuyu, wadda Kibaki ya fito daga cikinta, kuma a ranar 1 ga Janairu, 2008, aka cinna wa wani coci wuta a ƙauyen Kiambaa kusa da Eldoret, inda mata da yara suka nemi mafaka, mutum kusan talatin suka ƙone. A Kisumu 'yan sanda sun buɗe wa masu zanga-zanga wuta. Zuwa ƙarshen watan, hare-haren ramuwar gayya sun auka wa 'yan ƙabilar Luo da wasu a Naivasha da Nakuru. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Philip Waki ta ƙirga mutum 1,133 da suka mutu, 405 daga cikinsu da harsashi, sannan dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu. A tsakiyar wannan tarzoma ne aka kafa Ushahidi, shafin intanet da ke ɗora rahotannin jama'a a kan taswira.

Haramcin Michuki bai rufe kafofin watsa labarai gaba ɗaya ba. Jaridu sun ci gaba da fitowa, gidajen rediyo da talabijin kuma sun ci gaba da watsa labaran da aka naɗa aka tace. Illarsa ta fi bayyana a wani wuri dabam: labari ya daina zuwa a kan kari, editoci suka riƙa taka tsantsan fiye da kima don gudun a ce su ne suka rura wutar, kuma wakilai suka kasa kai wa wuraren da abin ke faruwa, domin matasa sun datse hanyoyi suna neman katin shaidar ɗan ƙasa, wanda sunan da ke jikinsa kaɗai ya isa ya fallasa ƙabilar mai shi. Ɗan jarida Bakikuye ba zai iya shiga wasu garuruwa ba, haka ma ɗan Luo a wasu. Mutumin da ke Nairobi, wanda mahaifiyarsa ke wani ƙauye a bayan Eldoret, ba ya samun amsar tambayar da ta fi damunsa daga kowace tasha, wato ko hanya ta buɗe, ko an kai hari unguwarsu, ko mutanen garin sun koma ofishin 'yan sanda ne ko filin baje koli.

A cikin wannan giɓi ne shafukan da ɗaiɗaikun mutane ke rubutawa a intanet suka samu matsayin da ba su taɓa samu ba. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Kenyan Pundit, na Ory Okolloh, lauya da ta yi karatu a Jami'ar Harvard, tana zaune a Johannesburg amma ta dawo gida don kaɗa ƙuri'a. Ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin tun 2006 ta shiga cikin kafa Mzalendo, shafin da ke bibiyar aikin 'yan majalisar Kenya, saboda haka tana da masu karatu da suka san ta kuma suka yarda da ita. Da aka hana shirye-shiryen kai tsaye, sai ta roƙi masu karatun nan su aiko mata da abin da suke gani a inda suke, ta imel ko ta wurin sharhi da ke ƙasan kowane rubutu. Saƙonni suka yi ta kwarara, tana sabunta shafin sau da dama a yini, har ya zama wurin sharhin ya fi ainihin rubutun cika da labari. Wani zai rubuto cewa an ƙone shaguna a unguwa kaza, wani ya biyo baya ya ce ɗan'uwansa ya kira shi daga can ya tabbatar, wani kuma ya ce ba haka abin yake ba.

Abubuwa biyu suka bayyana mata. Na farko, alƙaluman mamata da gwamnati da jaridu ke bayarwa sun yi ƙasa da abin da saƙonnin ke nunawa, kuma idan ba a adana bayanan nan ba, nan gaba za a ce abin bai kai haka ba. Na biyu, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, musamman bayan da ta bar ƙasar da iyalinta ta koma Afirka ta Kudu. A ranar 3 ga Janairu ta rubuta a shafinta tana tambaya ko akwai masu fasahar kwamfuta da za su ɗora rahotannin tarzomar a kan taswirar Google, yadda kowa zai ga abin da ya faru da inda ya faru. Erik Hersman, Ba'amurke da ya girma a Kenya da Sudan kuma yake rubuta shafin WhiteAfrican, ya ga rubutun, ya tuntuɓi David Kobia, ɗan Kenya mai haɗa manhaja da ke zaune a Birmingham ta jihar Alabama. Juliana Rotich, wadda rikicin ya rutsa da ita a Eldoret, da Daudi Were da wasu suka shigo. Cikin 'yan kwanaki aka gina shafin, aka buɗe shi a ranar 9 ga Janairu da sunan Ushahidi, wato shaida da harshen Swahili. Babu ofis, babu jari, kuma mafi yawan waɗanda suka gina shi suna ƙasashe dabam-dabam a lokacin.

Tsarinsa mai sauƙi ne ƙwarai. Mai buɗe shafin zai ga taswirar Kenya da ɗigo-ɗigo a kanta, kowane ɗigo rahoto ne guda. Idan ya danna, zai ga rana da wuri da gajeren bayani, da kuma rukunin da aka sa lamarin a ciki: kisa, ko fyaɗe, ko sace-sace, ko ƙone dukiya, ko 'yan gudun hijira, ko tura jami'an tsaro. An kuma ware rukuni don ƙoƙarin sulhu, domin akwai unguwannin da maƙwabta suka ɓoye maƙwabtansu, kuma wannan ma labari ne. Mai son aiko da rahoto zai cike fom a shafin, ko ya aiko da imel, daga baya kuma aka samu lambar da za a tura wa saƙon tes. Abin da ya bambanta wannan da wurin sharhi na Kenyan Pundit shi ne cewa kowane rahoto dole ya zo da wuri da lokaci. Wannan ƙaramin sharaɗi ya yi babban aiki, domin mai cewa “suna kashe mu” bai ba da labarin da za a iya bincika ba, amma mai cewa an ƙone gidaje a ƙauye kaza ranar Talata da safe ya ba da abin da wani zai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa.

Haka kuma rahoto ba ya hawa taswira kai tsaye. Sai ɗaya daga cikin masu kula da shafin ya karanta ya amince, bayan ya gwada shi da abin da jaridu suka ruwaito, ko ya tuntuɓi ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na kare haƙƙin ɗan Adam da ke yankin, ko ya kira wanda ya aiko idan ya bar lamba. Wannan mataki shi ne aka fi mantawa da shi idan ana ba da tarihin Ushahidi, alhali kuwa a kansa komai ya rataya, kuma hujjar hakan tana hannun David Kobia kansa.

Kafin Ushahidi, Kobia yana gudanar da Mashada, zauren tattaunawa a intanet da 'yan Kenya na gida da na ƙetare ke taruwa a cikinsa. Mutanen da ke Mashada da waɗanda ke aika rahoto Ushahidi kusan jama'a ɗaya ce: masu ilimin boko, masu hanyar shiga intanet, masu 'yan'uwa a yankunan da ake rikici. Amma a Mashada babu wanda ke tsaye a ƙofa, duk abin da mutum ya rubuta yana fitowa nan take. Cikin makonnin rikicin zauren ya cika da zagin ƙabilanci da kiran ɗaukar fansa, masu sa ido suka kasa shawo kansa, har Kobia ya rufe shi a watan Janairun, ya mayar da masu ziyara zuwa wani sabon shafi mai suna I Have No Tribe, inda ake rubuta saƙonnin haɗin kai. Mutum ɗaya, a wata ɗaya, ya gudanar da shafuka biyu da jama'a ke zuba magana a cikinsu, ɗaya ya zama wurin adana shaida, ɗaya kuma dole aka kashe shi. Bambancin ba a halin masu rubutun yake ba, a tsarin karɓar maganarsu yake.

Abin da ya faru a Mashada ƙaramin misali ne na abin da ke faruwa a wayoyin salula da rediyo. Saƙonnin tes masu tunzura jama'a sun yi ta yawo daga waya zuwa waya, wasu na kiran a tattara sunayen maƙwabta 'yan wata ƙabila, har gwamnati ta yi tunanin rufe hanyar aika saƙon tes baki ɗaya. Shugaban kamfanin Safaricom na lokacin, Michael Joseph, ya nuna rashin amincewa da hakan, kamfanin ya zaɓi ya riƙa aika wa abokan hulɗarsa saƙonnin kiran zaman lafiya. Da an rufe, da an yanke igiyar da iyalai ke neman juna da ita, da kuma hanyar da labarin ƙauyuka ke isa ga masu rubutu irin su Okolloh. A ɓangaren rediyo kuwa, tashoshin da ke watsa shiri da harsunan gida sun sha zargi, musamman shirye-shiryen da masu sauraro ke bugo waya su faɗi ra'ayinsu, waɗanda sau da yawa masu gabatar da su ba 'yan jarida ba ne da aka horar, mutane ne da aka ɗauka saboda iya magana da farin jini. Mai bugo waya zai yi habaici da zaurance wanda duk ɗan yankin ya san inda ya dosa, mai gabatarwa kuma bai san lokacin da ya kamata ya katse shi ba, ko kuma ba ya so. Duk wanda ya saba sauraron sojojin baka a gidajen rediyon Kano lokacin siyasa ya san yadda irin wannan fili ke da daɗin ji da kuma wuyar riƙewa. Daga baya, cikin mutum shida da mai gabatar da ƙara na Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ya ambata a Disamban 2010, har da Joshua arap Sang, mai gabatar da shiri a tashar Kass FM ta harshen Kalenjin.

Saboda haka ba daidai ba ne a kalli rikicin Kenya a ce jama'a sun karɓe aikin jarida daga hannun 'yan jarida kuma gaskiya ta yi halinta. Jama'a sun shiga labari ta ƙofofi da yawa a lokaci guda, kuma wasu daga cikin ƙofofin nan jini suka jawo. Abin da Ushahidi ta yi shi ne ta karɓi abin da mai karatu ya fi kowane edita sani, wato abin da ke faruwa a ƙofar gidansa, sannan ta riƙe abin da edita ya fi mai karatu iyawa, wato tambayar yaushe, a ina, wa ya gani, wa kuma zai tabbatar.

Tantancewar ma ba ta kasance cikakkiya ba, kuma waɗanda suka kafa shafin ba su ɓoye hakan ba. Mutane ƙalilan ne, masu aikin sa kai, mafi yawansu nesa da inda abin ke faruwa. Ƙungiyoyin da suka sa ran za su riƙa ba su bayanai sun yi ta riƙe nasu, wasu don kare waɗanda suka ba su labari, wasu kuma don bayanan su ne jarinsu a wurin masu ba da tallafi. Akwai kuma matsalar da har yau ba a warware ta ba a irin wannan aiki: wanda ya aiko da saƙo sau da yawa ba ganau ba ne, jiyau ne, ƙanwarsa ce ta kira shi tana kuka ta faɗa masa abin da maƙwabciya ta faɗa mata. Idan mutum uku suka aiko da labari ɗaya, yana iya zama shaidu uku ne, yana kuma iya zama jita-jita ɗaya ce ta bi hanya uku. Ɗigo a kan taswira yana da wani kwarjini da ke sa mai kallo ya ɗauka an gama bincike, alhali wani lokacin abin da yake nufi kawai shi ne an samu wanda ya faɗa kuma ba a samu wanda ya musanta ba.

Tambaya mafi nauyi ita ce su wa suka ga taswirar. A farkon 2008 babu ko wayar intanet ɗaya ta ƙarƙashin teku da ta iso gaɓar Kenya, sai a 2009 aka haɗa na farko a Mombasa. Ƙasar ta dogara ne da tauraron ɗan Adam, intanet ɗin kuwa ga tsada ga nawa, mafi yawan masu amfani da shi kuma a shagunan intanet na birane suke samunsa, waɗanda rikicin ya sa aka rufe da yawa daga cikinsu. Wayar salula ta fi yaɗuwa nesa ba kusa ba, layuka sun haura miliyan 10, amma katin waya ya yi wuyar samu saboda masu shaguna sun gudu ko sun kulle. Matar da ke kwana a harabar ofishin 'yan sanda da 'ya'yanta ba za ta kashe ragowar kuɗin wayarta wajen aika rahoto ga shafin da ba ta taɓa jin sunansa ba, kuma ko ta aika ba za ta ga taswirar ba. Rahotannin da aka tara a lokacin rikicin 'yan ɗaruruwa ne kawai, kuma Okolloh da kanta ta rubuta daga baya cewa ba su samu sanuwa a cikin gida yadda ya kamata ba. Waɗanda suka fi amfana su ne 'yan Kenya mazauna ƙetare, da 'yan jaridar waje, da masu bincike. Labari ya fita daga ƙauye zuwa duniya, amma kaɗan ne ya komo ƙauyen a siffar da za ta amfani wanda ya aiko shi.

Duk da haka, 'yan ɗaruruwan nan ba aikin banza ba ne. Patrick Meier da Kate Brodock, a wani nazari da suka yi a 2008 ƙarƙashin wata cibiyar ayyukan jin ƙai ta Harvard, sun jera rahotannin manyan kafofin watsa labarai, da na shafukan ɗaiɗaikun mutane, da na Ushahidi, suka gwada su rana da rana. Sun gano cewa manyan kafofi sun fi saurin kawo adadin mamata amma sukan tsallake ƙananan abubuwan da ke gabatar kisa, cewa masu rubutu a shafukansu sukan riga su ba da labari da zarar tarzoma ta fara, kuma cewa rahotannin Ushahidi sun fito daga yanki mafi faɗi, har da wuraren da sauran biyun ba su ambata ba. Ma'ana, ukun ba kishiyoyin juna ba ne, kowanne yana ganin abin da ya ɓace wa ɗan'uwansa. Jarida takan je inda aka riga aka mutu, domin gawa ita ce labari a ma'auninta, amma mazaunin unguwa yana ganin shingen da aka kafa a hanya da takardar gargaɗin da aka jefa a ƙofar maƙwabci tun kafin a kai ga haka.

Rikicin ya lafa bayan da Kofi Annan ya shiga tsakani, aka sa hannu a yarjejeniyar raba mulki a ranar 28 ga Fabrairu, 2008, Odinga ya zama firaminista. Burin farko na Okolloh, wato a adana shaida don kada a musanta, ya cika ne ta wata hanya dabam. Hukumar Waki ta yi aikinta irin na da, ta zauna a garuruwa ta saurari shaidu da rantsuwa, ta duba bayanan asibitoci da na ɗakunan ajiye gawa, kuma rahotonta na Oktoban 2008 shi ne ya share hanyar zuwa kotun duniya. Saƙon da ba a san mai aiko shi ba yana iya nuna wa mai bincike inda zai duba, amma ba ya tsayawa a gaban alƙali. Ko shaidun da aka san su ma ba su kai ƙarar gaci ba: an janye tuhumar da ake yi wa Uhuru Kenyatta, shugaban Kenya na lokacin, a Disamban 2014, aka kuma dakatar da shari'ar mataimakinsa William Ruto da Sang a Afrilun 2016, bayan shaidu da dama sun janye maganarsu, ba tare da an samu kowa da laifi ba.

Manhajar kuwa ta yi tafiyar da masu ita ba su zata ba. An yi amfani da ita a Afirka ta Kudu lokacin hare-haren ƙin jinin baƙi na Mayun 2008, aka sake gina ta aka sake ta kyauta ga duk mai so, gidan talabijin na Al Jazeera kuma ya ɗauke ta lokacin yaƙin Gaza a farkon 2009. A gabashin Kwango, a ƙarshen 2008, an kafa taswirar amma rahotanni suka ƙi zuwa, domin babu wata Okolloh da mutane suka sani suka amince da ita, ga tsoron abin da zai biyo bayan magana, ga kuma jama'ar da ta gaji da ba baƙi labarin wahalarta ba tare da ganin canji ba. A Haiti, bayan girgizar ƙasa ta 12 ga Janairu, 2010, abin ya yi aiki fiye da ko'ina, amma sai da ɗalibai a Jami'ar Tufts da ke kusa da Boston suka kwana suna karanta saƙonni, aka samar da gajeriyar lamba 4636 ta aika saƙon tes, 'yan Haiti mazauna ƙetare kuma suka riƙa fassara saƙonnin daga harshen Kiriyol suna nuna ainihin unguwar da mai saƙon ke nufi, tunda yawancin wuraren ba su da adireshi a rubuce. A watan Agustan 2010 aka fito da Crowdmap, shafin da ya ba kowa damar buɗe taswirarsa cikin mintuna ba tare da sanin fasaha ba. Dubban mutane suka buɗe, amma wani nazari da ƙungiyar Internews ta wallafa a 2012 ya gano cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na taswirorin ba su samu rahoto goma ba. Buɗe fili abu ne mai sauƙi, samun masu magana da masu sauraronsu shi ne aikin.

Najeriya ta ga nata gwajin a zaɓen 2011, lokacin da Farfesa Attahiru Jega ke shugabancin hukumar zaɓe. Ƙungiyar Community Life Project da ke Legas ta kafa ReclaimNaija a kan manhajar Ushahidi, kuma abin lura a aikinta shi ne ba ta zauna jiran masu intanet ba. Ta bi ƙungiyoyin masu sana'a, irin su 'yan acaɓa da teloli da masu gyaran gashi da 'yan kasuwa, ta koya musu abin da za su lura da shi da lambar da za su aika wa saƙo ko su kira, tun daga rajistar masu zaɓe a watan Janairu. Rahotannin da suka fi yawa ba na tarzoma ba ne, na abubuwan yau da kullum ne da ke lalata zaɓe a hankali: jami'ai ba su iso ba, kayan aiki ba su cika ba, suna ya ɓace daga rajista. Irin wannan matsala ce ta sa aka dakatar da zaɓen majalisun tarayya na ranar 2 ga Afrilu bayan an riga an fara shi a wasu wurare. Amma da aka bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na ranar 16 ga Afrilu, rikici ya ɓarke a jihohin Arewa goma sha biyu, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku, kuma kamar a Kenya, jita-jitar da ke bin wayoyi ta fi kowace taswira gudu.

Su ma masu Ushahidi sun sauya salo a gida. Don ƙuri'ar raba gardama kan sabon tsarin mulki a watan Agustan 2010, sannan don babban zaɓen 4 ga Maris, 2013, sun kafa wata taswira mai suna Uchaguzi tare da ƙungiyoyin farar hula, kuma wannan karon an fara shiri tun watanni kafin ranar zaɓe. An tallata gajeriyar lambar aika rahoto a rediyo da sauran kafofi, an haɗa kai da masu sa ido da aka horar aka baza a mazaɓu, waɗanda za a iya kira su je su duba abin da wani ya aiko, an kuma buɗe hanyar miƙa rahoton gaggawa ga hukumomin da za su iya ɗaukar mataki. A cibiyar fasaha ta iHub da ke Nairobi, wadda Hersman ya buɗe a 2010, an raba masu aikin sa kai rukuni-rukuni: masu karɓar saƙo, masu fassara, masu gano wuri a taswira, masu tantancewa, da masu nazarin abin da aka tara, kuma rahoto ba ya fita sai ya bi ta hannunsu ɗaya bayan ɗaya. A gefe guda kuma wani shiri mai suna Umati ya sa mutane masu jin harsunan ƙasar suna bibiyar kalaman tunzura jama'a a intanet tun daga 2012, inda suka tarar mafi yawansu a Facebook suke, dandalin da a lokacin rikicin 2008 bai yi wani tasiri a Kenya ba.